Ashanar da ke Kwalin Mama

A garinmu kusan kowane gida akwai mai aiki a masana'antar ashana. Shi ya sa da majalisa ta fara muhawarar ɗora wa ashanar waje haraji, duk yankinmu ya goyi baya. Ƙasar ba ta daɗe da samun 'yanci ba, masana'antar ma ba ta yi ƙwari ba. Baba yana sashen da ake tsoma kan ashana a magani. Ya ce in ba a saka harajin ba, rufe su za a yi.

Ni kaɗai na san Mama ba ta amfani da ashanarsu. Takan sayi ta waje, ta juye tsinkayen a kwalin tamu, ta ajiye kusa da risho. Kullum ina tsoron ranar da Baba zai gane.

Ranar yanke hukunci Kawu, ƙanen Mama, ya sauka a gidanmu. A bakin teku yake, shigo da kaya ne sana'arsa, har da ashana. Shi da Baba suka sa rediyo a gaba, suna shan shayi suna musu.

"Ku mutanen tudu so kuke a tilasta wa jama'a sayen abin da ba ya kamawa," in ji Kawu.

"Ku ba mu lokaci mana, mutumin jirgi," in ji Baba. "Na wajen da ƙwarewarsu aka haife su?"

"'Yar jami'a, miƙo min kwalin can in nuna wa babanki aikinsa."

Na miƙa masa. Ya ƙyasta, wuta ta kama nan take. Ya ƙura wa tsinken ido, ya dubi Mama. Mama ta duƙufa goge kofin da ya riga ya bushe.

Sai rediyo ya sanar majalisa ta amince da harajin. Muka ji ihun maƙwabta ta katanga.

Baba ya yi hamdala, sannan ya fashe da dariya. "Daina kallon yayarka. Kayanka ne, na sani. Tamu jan kai gare ta, ni nake tsomawa."

"Tun yaushe ka sani?" in ji Mama.

"Tun farko. Ina son shayina da wuri ne."

Ya karɓi kwalin ya sa a aljihu. "Gobe zan kai wa mai haɗa mana magani ya duba sirrinsu."

"Yaya, ka kashe min kasuwa, kuma ka tafi da samfur?" in ji Kawu. "Aƙalla a ƙara min sukari."