Kalmar da Auta Ta Faɗa

A layin masu gyara kowa ya san halin Mai Agogo. Tela yakan ce, "Ko ƙafa ka taka masa, shi zai ba ka haƙuri. Amma kada ka kuskura ka yi masa Turanci." Mai aski kuwa cewa yake, tun da Auta ta tafi ba a sake ganin haƙoran tsohon ba.

Auta 'yarsa ce, ma'aikaciyar jinya. Wata rana ya kai mata agogonta da ya gyara, mai gadin asibiti ya koro shi, wai ta ce ba ta ganin kowa. Da yamma ta zo a guje, ta durƙusa.

"Baba, wallahi misunderstanding ne."

Ya juya mata baya. Washegari ya tambayi Direba, wanda ya ɗan taɓa boko, ma'anar kalmar.

"Ai cewa ta yi ba ka fahimta," in ji Direba. "Kanka ya toshe, a taƙaice."

Daga ranar ya daina ɗaga wayarta. Aka yi mata canjin wurin aiki, ta yi nisa. Agogon yana nan kan teburinsa. Kullum da safe sai ya goge gilashin, ya kara a kunne.

Bana ya shiga ajin karatun manya. Tela ya samu abin tsokana: "Da furfurar taka za a zane ka!"

Ran nan Malama ta rubuta wata doguwar kalma a allo. Kafin ta gama furta ta, kunnensa ya shaida ta. Ya ɗaga hannu.

"Malama, wannan zagi ne?"

"A'a, Baba. Ba rashin ganewa ba ne, ganewa ce da ta ɓata hanya. Na faɗi wannan, ka ji wancan. Ba ta ɗora wa kowa laifi. Galibi mai neman sulhu ke faɗin ta."

Ya koma shago, ya turo ƙofa, ya daɗe a zaune kafin ya kira Auta a waya.

"Baba? Baba, lafiya?"

"Agogonki yana tafiya daidai."

Ya gyara riƙon wayar.

"Ashe dai misan... misanda..." Harshe ya ƙi.

Ta yi dariya, dariya da kuka a ciki. "Bar shi, Baba."

"A'a, bari in faɗa da bakina. Sulhu kika kawo mini na juya miki baya. Ki yafe mini, Auta."