Ƙanƙarar Bay Luom

Shekara arba'in Bay Luom ya yi yana yanka ƙanƙara da zarto a garin Ca Mau, yana kai wa rumfunan giya a kwalekwale. Da wannan sana'a ya ɗauki nauyin karatun ɗansa Khoa har yaron ya samu aikin banki. Sai Khoa ya ajiye aikin ya buɗe gidan giya a birnin Saigon, irin wanda mai gida ke dafa giyarsa da kansa, kuma abu na farko da ya liƙa a bango shi ne allo mai cewa ba a sa ƙanƙara a giya a nan.

Shekara uku tsohon bai leƙo ba. Da ya aiko cewa yana tafe ranar Lahadi, Khoa ya kasa cin abinci. Turawa masu jakar goyo sun yabi giyarsa har ya gaji da ji, amma yabon da yake nema na mutum ɗaya ne.

Da la'asar tsohon ya iso bayan awa bakwai a mota, rungume da kula cike da ƙaguwa da ƙanƙara. Makaɗa sun fara, wata Diem tana waƙa, mai jita yana ta girgiza gashi. Bay Luom ya zauna yana kaɗa ƙafa, ya ce kiɗan ba laifi, sai dai yarinyar kamar an taka mata yatsa.

Khoa ya kawo giyar da ya fi ji da ita, mai ɓawon lemo, wadda ta ci masa wata biyu. Ya shiga bayani cewa sai an shinshina tukuna, sannan a kurɓa kaɗan-kaɗan. Tsohon ya saurara cikin ladabi, idonsa na neman bokitin ƙanƙarar da ake ajiyewa gefen kowane tebur a ƙasar nan. Da bai gani ba, ya buɗe kula, ya ture ƙaguwa, ya ɗauko guntun ƙanƙararsa ya jefa a kofin. Ya miƙe ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, ya shanye tas.

Khoa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Turawan teburin kusa kuwa, da suka yi sati biyu suna neman ganin yadda 'yan ƙasa ke rayuwa, sai suka hau tafi. Suka miƙo kofunansu. Diem ta sauko da nata tana cewa, "Kawu, kar a manta da ni." Kafin a gama waƙa ta gaba ƙanƙarar kula ta kusa ƙarewa, wani mai gemu yana rantsuwa cewa ya ji ƙamshin teku a giyar, kuma nan ne gwanintar mai gidan take.

Khoa ya sunkuya kusa da uban.

"Baba, yaya ka ji ta?"

"Ta yi daɗi," in ji tsohon, yana goge baki da sauri. Ya ɗaga kai ya dubi bango. "Ashe wannan ne allon. Ɗan gwaggonka ya nuna min hotonsa tun shekarar da ka buɗe. Na ɗauka da ni kake."

Khoa bai taɓa tunanin hoton ya kai Ca Mau ba. Kunya ta kama shi. Ya leƙa kula, saura guntu ɗaya a ƙarƙashin wata ƙaguwa. Ya ɗauka ya jefa a nasa kofin, ya shanye a tsaye. Aikin wata biyu ya koma ruwan ƙarni.

"Yaya?" in ji tsohon.

"Ta fi daɗi haka, Baba."