Injinan Aro

Shekara tara ina aikin nas a ɗakin yara, gadaje goma sha biyu, injin oksijin ɗaya tal. Shi ya sa da aka ce wata jami'a daga ƙasar waje za ta turo mutanenta su zagaya asibitoci, su ba waɗanda suka fi buƙata injina hurhuɗu, sai da na taka rawa a gaban kowa. In dai rashi ake nema, ai mun ci gasar tun ba a fara ba.

Ashe ban gama sanin Babban Likita ba. Saura kwana uku baƙi su iso ya tara mu, yana ta gyara tabarau.

"Ba za a taso daga uwa duniya a zo a ga tsiraicinmu ba. A yi fenti, a canza zannuwan gado. Yaran nan na kwance a ƙasa a mayar da su sito."

"Yallaɓai, ai rashin suka zo gani," na ce.

"Sista, ke in baƙo ya zo gidanku tsumma kike shimfiɗa masa?"

Aka kwashe da dariya.

Fenti fa, a ɗakin yaran da numfashi ke gagara! Kwana biyu muna yi musu fifita da kwali a baranda. Bai tsaya nan ba, ya aro injina biyar daga asibitin kuɗi na abokinsa, aka kankare sunan da ke jikinsu, aka jera su reras kamar kayan gadonmu.

Baƙi suka zo: wata farfesa dattijuwa mai furfura, da ɗalibanta biyu da tafinta. Matar nan ba ta da laifi ko kaɗan. Ta ƙirga injina, ta rubuta shida. Sannan ta dube ni, ta tambaya ta bakin tafinta me muka fi rasa a ɗakin nan. Babban Likita na tsaye a bayanta, yana washe mini baki.

Ni da ake ce wa mai bakin tsiya, kun san abin da na ce? "Alhamdulillahi, muna lallaɓawa."

Yara bakwai na kwance a kan tabarma a sito, bango ɗaya ne tsakaninmu, ni kuma ina godiya. Haka aka raine mu, ba a kai kukan rashi gaban baƙo. Wallahi haushin kaina ya fi wanda nake ji na likitan. Motar baƙi na fita, aka loda injinan aro aka mayar wa mai su.

Bayan wata guda wasiƙa ta iso. Sun yaba mana matuƙa, sun ce tunda mun wadata an ba wasu asibitocin injinan, har ma za su turo ɗalibai su koyi tsari a wurinmu. Babban Likita ya sa aka saka ta a gilashi.

Ranar da zai rataye ta aka kawo wata yarinya 'yar wata bakwai, leɓɓanta sun yi shuɗi. Injin kuwa na kan wani jariri da ya kwana biyu yana shaƙar oksijin. Na faɗa ofis ko sallama babu.

"Yallaɓai, taso ka zaɓa. Yara biyu, inji ɗaya. Wanne za a hana?"

"Haba Sista, yi amfani da hankalinki mana," ya ce, ƙusa a bakinsa, yana auna bango.

Na koma ɗaki. Uwar jaririn na ganin na nufi gadonsu ta cafke wuyan hannuna.

"Sista, don girman Allah. Ƙara masa ko minti biyar ne."

Na waiga. Yarinyar ba ta da minti biyar. Na ɓamɓare yatsun matar ɗaya bayan ɗaya, na zare robar daga hancin ɗanta. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta kama bakin mayafinta ta shiga yi masa fifita, ba ta ƙara kallona ba.