Kumfar Ɗakin Sanyin Alhaji Garga

Aikin da mutum zai yi wa bare daban yake da wanda zai yi wa surukinsa. Gajere ya san haka tun ranar da Njidda, ƙanin matarsa Talatu, ya tsayar da moto, wato babur, a ƙofar shagonsa a unguwar Briqueterie, wadda ake ce wa Brik, ya ce, "Baba ya ce kai za ka fesa masa sabon ɗakin sanyi. An nuna masa wani gwani a Tsinga, ya ce yana da ɗa a gida. Ni dai na ce masa tsawonka ba zai kai rufi ba."

"Uwaka, ba don dai uwar Talatu ce ba," in ji Gajere. "Ka ce masa an gama."

Sana'ar Gajere feshin kumfa ce, irin wadda ake lulluɓe bango da ita don kada sanyi ya tsere. Ruwan magani ne kala biyu cikin ganga biyu. Inji ya ɗumama su, su bi ta dogon tiyo mai ɗumi, su haɗu a bakin bindigar feshi, su kumbura a jikin bango. Duk sirrin yana ga zafin. A cikin tiyon akwai wani ɗan ƙarfe, sonde suke ce masa, shi ke gaya wa inji ko zafi ya kai ko ya wuce.

Shi kuwa surukin nasa, Alhaji Garga, nama yake sarowa daga mayankar Etoudi yana ba masu tsire. Ya riga ya sa a yanka masa shanu ranar Alhamis, don ɗakin zai zama a shirye. Haka Gajere ya aika masa.

Ranar Talata da hantsi Gajere ya kunna inji, sai inji ya yi ƙara, jar fitila ta kama. Ya kashe ya kunna. Ya cire waya ya hura mata iska ya mayar. Sonde ya mutu. Ya kira mai kawo masa kaya daga Douala, wannan ya ce sai mako mai zuwa.

Abin da ya kamata ya yi ba ɓoyayye ba ne: ya fita ya ce a ɗaga yanka. Har ya cire abin rufe hanci ya nufi ƙofa. Sai ya hangi Alhaji Garga a kan benci ƙarƙashin rumfa, da abokansa dattawa, an kawo musu shayi, sun zo kallon yadda kumfa ke tashi. Ya ji tsohon yana cewa, "Mijin Talatu ne. Hannunsa ba ya kuskure."

Gajere bai taɓa cin abinci a gaban mutumin nan ba. Bai taɓa haɗa ido da shi ba tun da aka ɗaura aure. Gaisuwa a durƙushe, amsa a taƙaice, shi ke nan. Yanzu shi ne zai tsaya gaban dattawa ya ce injina ya yi pan, ya lalace? Ya juyo ya mayar da abin rufe hancinsa.

Injin yana da wata hanya, a sa shi ya ɗumama tiyo ba tare da sonde ba, mai aiki ya lura da zafi da kansa. Ana so a cusa ma'aunin zafi a jikin tiyon, shi kuma nasa ya daɗe da fashewa. Amma Gajere ɗan mai tsire ne. Tun yana ƙarami yake miƙa bayan hannu kan garwashi ya san ko nama zai gasu ko zai ƙone. Ya ɗora bayan hannunsa kan tiyo, ya ji ɗumi kaɗan. Ya ƙara wuta. Ya sake taɓawa, har yanzu bai kai masa ba. Ya ƙara.

Abin da ya manta, garwashi a fili yake, tiyo kuwa naɗe yake cikin riga mai kauri wadda aikinta ke nan ta hana zafi fitowa. Hannunsa na jin ɗumi, maganin a ciki yana neman tafasa.

Da ya danna bindiga, kumfar ta fito kamar hayaƙi, tana bushewa tun kafin ta isa bango, ta zauna gurji-gurji kamar gugguru. Ya san ba haka kumfar kirki take ba. Amma daga waje ya ji wani dattijo ya ce, "Allahu akbar, ku duba yadda take tashi!" Sai ya ci gaba. Ya fesa bango huɗu da rufi, yana gaya wa kansa in ta kwana za ta kama. Washegari masu injin sanyi suka ɗaura kayansu, shi bai ko leƙa ba. Talatu ta tambaye shi me ya hana shi cin tuwo, ya ce warin magani ne.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Alhamis da safe motar nama ta iso daga Etoudi, aka aika a kira shi. Ya tarar da mutane a ƙofa. Kumfar ta janye daga bango, ta buɗe baki a kowace kusurwa, hannu na shiga bayanta. Njidda ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ta yi ƙara kamar kalangu. Ya sake ƙwanƙwasawa, wani faffaɗan ɓangare ya sulluɓo daga rufi ya faɗi a tsakar ɗaki.

"Sannu, injiniya," in ji Njidda. "Wannan ɗakin sanyi ne ko ɗakin rawa?"

"Rufe mana baki," in ji Alhaji Garga. Ya shafa bangon, ya juya ga mutane. "Laifin bango ne. Bai gama bushewa ba, damina ce. Ni na matsa wa yaro."

Mutane suka gyaɗa kai, wasu har da cewa ai siminti na yanzu sai a hankali. Bangon nan kuwa a bushe yake ƙayau, kuma tsohon ya shafa ya ji. Da ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Gajere ya durƙusa, idonsa a kan takalman Njidda.

"Njidda, ka gaya wa Baba ba bango ba ne. Ma'aunin zafin injin ne ya mutu tun kafin in fara. Na gani, na yi aikin a haka."

Alhaji Garga ya daɗe yana kallon ɓangaren da ya faɗi.

"Njidda."

"Na'am, Baba."

"A bi masu tsire rumfa-rumfa a sauke musu naman nan yau, ko sun nema ko ba su nema ba. Abin da ya rage a yi kilishi." Ya gyara hularsa. "Shi kuma ka ce masa ya kankare wannan, in kayan injinsa sun iso ya sake. Ranar ba zan zo kallo ba."

Har la'asar Gajere na kan tsani da tsohuwar wuƙar fawa, yana kankara, farin gari na zubo masa a kai. Ta taga yana jin masu wucewa suna tambayar juna wane biki ake yi a Brik da nama ya yi yawa haka, kuma kowane lokaci akwai mai ba su amsa.