Yashin Ƙarƙashin Jinga

Ruwan yana ɓulɓulowa daga ƙasa a gindin jingar, sanyi ƙalau, Ketura kuwa ta durƙusa tana kamfata da ƙwarya tana zubawa a bokiti. Mata sun yi layi a bayanta, kowacce bakinta har kunne. Unguwar da famfo ya shekara bai ɗiga ba, yau ga idon ruwa kyauta.

Jingar nan, wato tudun ƙasar da ya tare kogin Ngadda, abin alfaharinmu ce. Bayan ambaliyar da ta cinye gari, ba mu zauna jiran kowa ba. 'Yan coci da 'yan masallaci muka ɗebo ƙasa a kai, muka tattake ta da ƙafa har ta fi tsayin mutum. In baƙo ya zo, kafin ya sha ruwa sai mun kai shi ya gani.

Matan sun yi wa ɓulɓular abin da suka saba yi a cikin kogi da rani: suka sa hannu suka faɗaɗa ramin don ruwa ya taru da sauri. Ya kuwa taru. Sai dai da Ketura ta juye bokitinta a randa, ta tarar da yashi kwance a gindinsa. Washegari ya ƙaru, ruwan kuma ya fara gurɓacewa.

Ta tuno bayanin injiniyar da ta zo lokacin aikin jinga: ruwan kogi yakan bi ta ƙarƙashi ya fito ta baya, in ya fito garau da sauƙi, amma in yana ɗauke da yashi, to gindin jingar yake ci, har ranar da za ta rufta. Kuma inda aka kwashe ƙasar bayan jinga, nan yake samun hanya. Ketura ta san masu kwashewar, don da ɗayansu take kwana.

*

Othniel, mijinta, ɗan lodin yashi ne. Wani mai tifa ya gano yashin bayan jinga ya fi kusa da masu buga bulo, kuma an toshe bakin waɗanda ya kamata su hana.

"Baban Edith, ƙarƙashinmu kuke haƙewa," ta ce, ta ajiye masa bokitin.

Ya dubi yashin, ya kau da kai. "To me za mu ci? In na bari, wani zai ɗauki shebur ɗin."

"Wancan karon da ambaliya, a kan rufin kwano muka kwana da yarinya. Ba zan sake ba."

Kunya da tsoron yunwa suka haɗu masa, ya saɓi shebur ɗinsa ya fita.

*

Da hantsi Ketura ta ɗebi yashin ta nufi gidan Inno, dattijuwar da ta fi kowa murna da idon ruwan.

"Ya Inno, ruwan nan ba alheri ba ne."

Inno ta murza yashin a tafinta. "Ashe da hannunmu muke buɗe wa kogi ƙofa. Kira mini matan."

Ni dai ban taɓa ganin irin ranar ba. Mata suka zazzage buhunan shinkafa da na gawayi, suka cika su da ƙasa daga nesa, suka kewaye ɓulɓular yadda injiniyar ta koyar, don ruwa ya taru a ciki ya danne yashin. Da tifa ta iso, ta tarar da su zaune a kan hanya, Inno a tsakiya da carbinta. Direba ya yi hon har ya gaji.

Othniel ya diro daga bayan motar riƙe da shebur. Mai tifa ya leƙo. "In ka tsallaka wajensu, kada ka dawo."

Ya tsallaka. Ya karɓi buhu a hannun matarsa ya fara cikawa, Ketura kuwa ta ji kanta ya yi girma har ta kasa dubansa. Kafin la'asar ruwan cikin da'irar ya lafa, ya koma garau.

Ranar a gidan Ketura tuwo suka ci da miya ba mai, amma ba wanda ya yi ƙorafi. Da safe Othniel na zaune a ƙofar gida tifar ta wuce ba ta tsaya ba, cike da sababbin 'yan lodi. Ta gangara can ƙasa, wajen jingar unguwar da ke gaba da mu.