Haƙoran Aurèle Talatin da Biyu

A garinmu da ke arewacin Kebek a ƙasar Kanada, ba a tambayar ɗan wasan ƙwallon gora na ƙanƙara sau nawa ya ci. Cewa ake yi ya buɗe baki. Bangon filin wasanmu cike yake da hotunan 'yan garin da suka buga wa manyan ƙungiyoyi, kowa ya washe wawulonsa. Ni ma ina ciki, haƙora huɗu na bari a kan ƙanƙara.

Ƙanena Aurèle kuwa, shekara goma sha bakwai yana bugawa a birni, an karya masa hanci sau uku, amma haƙoransa suna nan reras. Laifin Mama ne. Tun yana ƙarami ta sa ya yi mata alkawarin ba zai shiga fili ba sai da robar kare haƙori.

Da ritayarsa ta matso, tsoho Fulgence mai kula da bangon ya ce masa, "Ɗana, in na rataya hoton bakin nan, ai sai a ɗauka tallan man goge baki ne."

Aurèle ya yi dariya, amma a mota ya ce mini, "Yaya, bangon nan kaɗai nake so a duniya." Wallahi sai da ya ba ni tausayi.

A wasansa na ƙarshe ya tofar da robar, Mama tana kallo. Duk inda sanda ta ɗaga, can yake kai fuska. Abokan hamayya kuwa, don girmama mai bankwana, sai kauce masa suke yi. Wani ma da ya ɗan goge shi, tsayawa ya yi ya ba shi haƙuri. Haka ya fito ko ƙwarzane babu.

Ranar Lahadi aka yi masa walima. Kowa yana shan alewar ruwan itacen mapul mai laushi, sai Mama ta ciro wata daban daga jakarta.

"Ungo, auta. Da haƙoran gaba za ka ciza."

Ya ciza. Har teburin baya an ji ƙarar.

Mama ta tsince haƙorin da ya fita, ta goge shi, ta ƙulle a gefen hankicinta.

"Sau uku na dafa ta kafin ta yi tauri," in ji ta. "Shekara talatin da takwas ina gadin abin nan. In dai sai ya fita, ba wani ƙaton banza ne zai fitar mini da shi ba. Fulgence, ɗauko kyamararka kafin jinin ya tsaya."