Ƙararrawar Shayin La'asar

Zaleha ta kai mahaifiyarta, Mak Sapiah, su kwana a tsohon otal ɗin bakin tashar jiragen ruwan Penang, a ƙasar Malesiya. Nan tsohuwar ta yi aikatau tana yarinya, a hannun matar wani Bature wadda suke kira Mem, kuma Zaleha ta ci alwashin sai ta shigar da ita ta ƙofar gaba.

"Mak, zauna mana, kujerar ba ta cizo."

"Ba a zama a nan," in ji tsohuwar ƙasa-ƙasa, tana satar kallon bene.

Da la'asar wani ma'aikaci ya kaɗa tsohuwar ƙararrawar tagulla, wadda a da Mem ke kiran 'yan aiki da ita, yanzu kuma aka ajiye don burge baƙi lokacin shayi. Zaleha ta juya karɓar kofi. Ko da ta waiwayo babu Mak, sai takalmanta a jere gefen kujera.

Tsufa ya fara rikita Mak, ga teku nan dab da baranda, ko shinge babu. Ta bi bakin ruwan tana ƙwala kira, tana leƙen inda igiyar ruwa ke dukan bango.

A matattakalar baya ta 'yan aiki ta same ta a durƙushe.

"Mak, ni ce. Tashi mu tafi."

Tsohuwar ba ta ɗago ba. Takalmin Zaleha mai tsini kawai ta kalla, ta miƙo tafukan hannunta biyu, ta runtse ido.

"Na makara, Mem. A dake ni a hannu, don Allah, ban da fuska."